Sunan Mai Kanwa

Garwa, ranar Laraba bayan la'asar.

Zuwa ga Ummina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare motar da kike ciki, ya tsare direbanta daga gyangyaɗi da gudun banza, ya sauke ki Maruwa lafiya kamar yadda kika fita ƙofar gidanmu lafiya. Na cusa takardar ƙarƙashin kilishi ne don na san shi za ki fara lalube tun kafin ku kai Pitowa. Goge hannunki tukuna, kar ki shafa mini mai a rubutu.

Kin san halin uwarki. Gobe a tasha zan tsaya ina gyara miki mayafin da ba abin da ya same shi, in ce ki riƙa cin abinci, shi ke nan maganata ta ƙare. Babanki ne zai yi dogon wa'azi a kan salla da karatu da 'yan moto masu gudu a kan babur kamar an biyo su, kuma duk abin da zai faɗa gaskiya ne, ki riƙe. Ni bakina nauyi gare shi tun ina yarinya. Biro kaɗai ne ba na jin kunyarsa.

Ba labarin gida zan ba ki ba, yanzu kika baro shi. Magana ɗaya ce nake ta juyawa tun ranar da sakamakon bak, jarrabawar gama sakandare, ya fito aka ce kin sami jami'a, kuma a gidan Goggo Dudu za ki zauna. Ki gyara zama.

Ummi, mu ba jinin sarauta ba ne.

Na san kin buɗe baki. Rufe, mutane na kallonki. Labarin nan da kika tashi da shi, na ɗan sarkin da ya gudo daga ƙasar Hausa a kan farin doki saboda an hana shi yarinyar da yake so, ya ɓoye sunansa ya koma sayar da kanwa a Garwa, ni na ƙirƙire shi da bakina. Babu ɗan sarki. Dokin ma babu.

Ga yadda aka yi. Ina lise, babbar sakandare, a lokacin, shekaruna ba su kai naki ba. Wata rana na biya shagon kakanki Alhaji a babbar kasuwa, sai na tarar da wata Baturiya 'yar Ingila zaune a kan bandir ɗin atamfa, fuskarta ta yi jajur don zafi, tana fifita da malafa. Wai kakanta ya taɓa aiki a bakin kogi, zamanin da jiragen ruwa ke hawo Binuwai da damina su kwashi gyaɗa da auduga, shi ne ta zo neman wanda ya san shi. Aka kawo ta wurin Alhaji don gidanmu tsohon gida ne. Alhaji ba ya jin Faransanci sai na ciniki, ita kuma nata Faransancin kamar mai tauna ƙayar kifi. Sai ya ce, “Yauwa, ga 'yar boko ta zo. Zauna ki gaya mini abin da baiwar Allahn nan ke so.”

Ba mu san kakanta ba. Amma ba ta tafi ba, ta buɗe jaka ta fito da hotunan wasu tsofaffin shafuka ta shimfiɗa a kan atamfa. Ta ce a ƙauyensu akwai littafi a coci, duk jaririn da aka haifa, duk auren da aka ɗaura, duk wanda aka binne, limamin cocin sai ya rubuta. Ƙauyen wai tumaki sun fi mutane yawa, ruwan sama ba ya ɗaukewa, kuma wata tsohuwa ce ke riƙe da mabuɗin akwatin, ta ƙi buɗewa sai da baƙuwar ta zauna ta sha shayi ta yaba furannin ƙofar gidanta. Haka ta bi sunaye, uba bayan uba, har ta kai ga wani kakan kakanta mai baibayar ɗakuna da ciyawa. Ranar aurensa bai iya rubuta sunansa ba, sai ya yi wani ɗan zane kamar sawun kaza. Ummi, da kin ga yadda matar nan ta ɗora yatsa a kan sawun kazar tana murmushi. Kamar an ba ta zinariya.

Alhaji ya tashi auna wa wata mata yadi. Sai Baturiyar ta juyo ta ce, “Ku fa? Wa ya fara zuwa garin nan a cikinku?”

Na buɗe baki na ga ba abin da na sani sai Mai Kanwa. Ba suna, ba gari. Ita da ta zo daga ƙarshen duniya ta san mai baibayarta, ni ina zaune a garin da kakan ubana ya kafa gida ban san komai ba. Kunya ta rufe ni. A ƙarƙashin hijabina kuma akwai littafin soyayya irin waɗanda fatake ke haɗo mana cikin dilar atamfa daga Kano, na kai daidai inda masoyan suka gudu. Kawai sai na ji bakina yana zuba. Farin doki, alkyabba, hawaye, kogi ya cika, duk na zuba mata. Ta zaro ɗan littafinta ta rubuta tsaf. Har yau idan na tuna cewa wataƙila a wani gida a Ingila ƙaryata na nan ajiye a rubuce, sai in ji gumi a bayana.

To ga nasiha ta farko. A jami'a za a tambaye ki abubuwa da yawa, malamai za su tambaya, ƙawaye za su tambaya. Ki koya wa harshenki cewa “ban sani ba.” Da na ce haka ranar, matar nan da ta juya ta tambayi Alhaji, shi kuma da ya faɗi ɗan abin da ya sani a gabana, na ji a banza. Ni na toshe wa kaina hanya da farin doki.

Da abin ya tsaya a shago da sauƙi. Amma labarin ya yi mini daɗi, na sake ba 'yan'uwana mata muna ƙunshi, na ƙara masa gishiri. Su ma ya yi musu daɗi. Wa zai ƙi? Kafin shekara ta zagayo har 'yan gidanmu na Kuseri sun ji, sun ƙara wa dokin sirdin azurfa, wanda wallahi ba ni na sa ba.

Sai ga Babanki. Lokacin yana gyaran rediyo kusa da gidanmu, kuma rediyon Alhaji ta riƙa lalacewa fiye da ƙima, don ni nake cire mata wata 'yar waya in kai gyara. Shi kuma ya mayar da wayar bai taɓa cewa komai ba. Da ya fara zuwa zance, ni ba na iya ɗaga kai, tabarma kawai nake tsinka. Ya yi ta magana shi kaɗai har ya gaji ya ce, “To ke ba ki da labari ne?” Ina da labari guda ɗaya. Na ba shi.

Bawan Allah ya ɗauka da gaske, ya je ya gaya wa manyansa. Ranar da suka zo neman aure ina laɓe bayan ƙofar zaure. Baffansa ya gyara babbar riga, ya yi gyaran murya, ya ce, “Alhaji, mun san gidan da muka shigo. Mu talakawa ne, ku kuma jinin sarauta, sai dai a yi mana alfarma.”

Alhaji ya waiga hagu, ya waiga dama, yana neman wanda ake nufi. Sannan ya ce, “Sarautar me? Malam, kakana jaki yake kora.”

Sai Alhaji ya fashe da dariya har rawaninsa ya kwance, baƙi suka taya shi. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage. Na shige ɗaki na ce na fasa auren, na fasa fita waje har abada. Washegari Babanki ya aiko a ce yana gaida Gimbiya, kuma idan rediyo ta sake lalacewa a kawo. Wannan Gimbiyar da kike ji yana kirana da ita kullum, kina jin daɗi kina ɗauka shaida ce, tsiya ce yake mini, shekara da shekaru bai gaji ba. Ranar bikinmu kuma zabiya ta kama kirarin jikokin ɗan sarki, mata suna guɗa, ba wanda ya tsayar da ita. Maza sun san gaskiya, mata sun fi son doki. Da kika taso kina roƙona labarin, idanunki suna ƙyalli, sai na kasa ƙwace miki shi.

Tun da maganar samari ta shigo, bari in faɗa sau ɗaya in wuce, don ko a takarda kunya nake ji. Za su zo. Kar ki yi wa kowa kwalliya da abin da ba naki ba, ko dangi, ko dukiya, ko hali. Wanda ya ga inda kika yi wauta ya yi dariya bai gudu ba, bai kuma kai ki gaban mutane ba, shi za ki duba da kyau. Masu dogayen kalamai irin na littafi kuwa, ki saurara ki ji daɗi, ki dawo gida kafin magariba.

Kuskurena na biyu da Dada ne, kakata, uwar Alhaji. Ba ki riske ta ba. Gajeruwa ce mai faɗa, ita ce matar ɗan Mai Kanwa, ta zauna gida ɗaya da shi, ta dafa masa abinci. Bayan abin kunyar zaure na ƙudura sai na gano gaskiya kamar yadda Baturiya ta gano tata. Alhaji na kasa tunkararsa, ko ido muka haɗa sai ya yi haniniyar doki a hankali. Sai na nufi Dada tana yi mini kitso, na ce, “Dada, wai mene ne sunan Mai Kanwa na yanka?”

Ta saki kaina kamar ta taɓa wuta. “La'ilaha illallahu! Ni za ki sa in kama sunan surukina? Uban mijina? Wace irin yarinya ce ke, boko ya cinye miki kai?” Ta bi ni da mafici har tsakar gida, na kwana biyu da rabin kitso.

A nan na gane bambancinmu da mutanen Baturiya. Su wanda suke girmamawa sai su rubuta sunansa. Mu wanda muke girmamawa sai mu ɓoye nasa. Mace ba ta kama sunan miji, ba ta kama na suruki, ba ta kama na ɗan fari. Abu ne mai kyau, ina son sa, da shi na tashi. Amma a haka mutum ke komawa Mai Kanwa kawai, in waɗanda suka sani suka kwanta dama shi ke nan.

Duk da haka Dada ta taɓa buɗe baki sau ɗaya, kuma ni na sa ta rufe. Muna zaune da hantsi muna tsinkar folere, yakuwar miya, wata 'yar kawuna ta ɗauko zancen farin doki. Dada ba ta ɗago ba, ta ja tsaki.

“Doki? Wane doki? Jakuna ne, kanwa a bayansu. Ɗaya ma gurgu. Ko kuwa dai shi ya ce gurgu ne.”

Hannunta na ta tsinka, bakinta na tafiya shi kaɗai. Ta ce ayarinsu Ngaundere ya nufa, suka yada zango a mashigin kogi suna jiran kwalekwale. A wurin akwai wata yarinya mai tallar fura, ba ta kallon kowa. Da gari ya waye za a ƙetare, sai ya ce wa madugu jakinsa ya yi targaɗe, su yi gaba zai cim musu. “Ayari ya je ya dawo,” in ji Dada, “jaki bai warke ba.”

Wannan ya fi nawa daɗi nesa ba kusa ba. Maimakon in zauna shiru in ci gaba da tsinka, sai na zabura da gudu na ɗauko biro da littafin makaranta. Ina dawowa Dada ta kalli biron, ta kalle ni, ta ce, “Au, rubuta ni za ki yi ki kai wa Nasara?” Ta ɗauki ƙwaryarta ta shige ɗaki. Na lallaɓa ta har na gaji, na sayo mata goro, na wanke mata kaya, ko kalma ba ta ƙara ba har Allah ya karɓi abarsa.

Ki riƙe wannan, zai yi miki amfani ko ba a kan Mai Kanwa ba. Tsofaffi ba a yi musu tambaya gaba da gaba kamar a ofishin mairi gaban ma'aikatan gwamnati. Hannunsu ne ke buɗe bakinsu. Ki zauna kusa, ki kama aikin da suke yi, ki yi shiru. Kuma idan abu mai daɗi ya fara zuwa, kar ki tashi neman inda za ki zuba shi. Kunnenki ya isa.

Na uku shi ya fi ci mini rai, don ba ƙuruciya ba ce, na riga na haife ki. Goggo Dudu, yayar Alhaji, wadda za ki sauka a gidanta, a ɗakin yarinyar nan mai fura ta tashi. Kakarta ce, ita ta riƙe ta tun daga yaye har aure. Duk duniya yau ba wanda ya rage da ya ga fuskar Mai Kanwa sai ita. Mun je biki Maruwa kina goye a bayana, gida cike da mata, sai ta hango ni ta ɗaga murya ta ce, “Ke Mai Doki, in kin sauke yarinyar ki zo ɗakina, akwai abin da zan gaya miki.” Mata suka kwashe da dariya. Ni da jin Mai Doki sai na ɗauka tsiya za ta ƙara yi mini. Na sulale na bi masu zuwa kasuwar fata, na ɓata yini ina zaɓen takalmi, muna dawowa motar Garwa ta cika. Takalmin ko Salla bai kai ba ya tsinke.

Na sha komawa bayan nan. Takan karɓe ni hannu biyu, ta cika mini ciki, ta tambayi kowa da kowa. In na karkato da zancen sai ta ce rana ta yi, a ɗora tukunya. Daga baya na gane ranar bikin ma ƙarfin hali ta yi. Ni 'ya ce a wurinta, akwai kunya tsakaninmu, ba za ta zauna tana ba ni labarin soyayyar kakanninta ba. Ta buɗe ƙofa sau ɗaya ban shiga ba. Idan babba ya ce zo, Ummi, ki je a lokacin, ko da kina tsammanin faɗa ne. Faɗan minti kaɗan ne, kasuwa kuma tana nan gobe.

Ke kuwa jika ce. Tsakaninki da ita wasa ne, ba kunya. Ita ma jikar Mai Kanwa ce, bakinta ba a ɗaure yake ba, tana iya kama sunansa ta haɗa da tsiya. Shi ya sa da Babanki ya ce a nema miki ɗaki kusa da jami'a na kafe sai gidan Goggo. Ya ɗauka tsoron samari nake. Har da shi, amma ba shi kaɗai ba.

Na san ki, ni na haife ki. Za ki gaishe ta a ɗarare ki shige ɗaki ki dunƙule da waya kina karanta littattafan nan naki, waɗanda kike tsammanin ban sani ba. Ban hana ba, wa ya ba ni bakin hanawa? Amma ki fito. Ki tsokane ta. Ki ce shayinta ba sukari, ki ce ta tsufa ba ta iya daka yaji ba. Za ta ce miki raguwa, 'yar Garwa mai narkewa a inuwa, ta zage ki da Fulatanci, ki rama. In ta ɗauko gyaɗa za ta ɓare, ki ja kujera. Wayar ki bar ta a ɗaki, ko a aljihu kar ta gani. Sai kun saba, rannan hannunta na cikin aiki, ki gyara murya ki ba ta labarin farin doki tun daga farko, har da sirdin azurfar mutanen Kuseri, kamar kin yarda da shi. Tsohuwar gidanmu ba ta iya jin kuskure ta ƙyale. Za ta ja tsaki. Daga nan ki kama bakinki ki ci gaba da ɓare gyaɗa. Ƙaryar nan ta ba ni kunya shekaru da yawa, bari ta yi mana aiki sau ɗaya.

Sunansa nake so, da sunan garin da ya baro. Sannan don Allah, in hira ta yi daɗi, ki ji mini ko jakin nan da gaske ya yi targaɗe, da abin da mai fura ta ce masa ranar farko. Duk abin da Goggo ta faɗa ki karɓa yadda yake, kar ki ƙara masa ko gishiri. In ma ta ce jakunan ba nasa ba ne, ɗan kora ne kawai, namu ne a haka. Baturiya ta yi murna da sawun kaza.

Kar ki ce sai an yi hutu. Da ƙaramar Salla da na kira ta a waya, ta daɗe tana kirana da sunan mahaifiyata kafin ta gane ni ce. Ta yi dariya ta ce layi ne ba kyau. Layin lafiyarsa ƙalau.

Saura abu ɗaya, shi ne na bari ƙarshe don hannuna ya saba da biron. Tun da aka haife ki ban taɓa kama sunanki ba. Ke ce ta fari, kuma sunan mahaifiyata kika ci. Ko a asibiti aka tambaya, takardar haihuwarki nake miƙawa in kau da kai. Jiya ina ninke kayanki sai na tuna cewa wata rana jikokin jikokinki za su ce wata Ummi, wai daga Garwa take, ba wanda ya san sunanta. Ban yarda ba. Da baki ba zan iya ba har in mutu, kar ma ki sa rai. Amma ga shi a rubuce, iya inda na sani:

Rukayyatu, 'yar Maryama, 'yar Isa, ɗan Garba, ɗan

Na bar miki wurin. Ranar da kika ji, ki koma ɗaki ki cike da hannunki, ki kawo mini takardar in kin zo hutu. Kar ki nuna wa Babanki, in ya ga na rubuta sunanki sabuwar tsiya zai samu, ta Gimbiya ma ban gama da ita ba.

Allah ya kai ki lafiya, ya zaunar da ke lafiya, ya buɗa miki ƙirji ga karatu. Allah ya haɗa ki da mutanen kirki a aji da hanya da makwabta, ya kare ki daga abin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Allah ya ƙara wa Goggo kwana da lafiya da yawan tsaki. Ki gaishe ta, ki ce Mai Doki na durƙusawa. Kilishin rabi nata ne, in kin bar saura.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki.